Fasahar da ke fafutukar kare muhalli: me yake saura bayan an rufe baje koli?

Ɗalibar Sassaƙa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da 'yan uwa masu sana'ar zane da sassaƙa a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun da na kammala aikina na shekarar ƙarshe, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanin, domin tambayar ba za ta fito sosai ba sai na faɗi abin da ya haife ta.

Aikin da na gabatar siffa ce ta igiyar ruwa mai tsayin mutum biyu, wadda na haɗa da gorunan roba da ledoji da tsofaffin silifa, na ɗinke su da waya a jikin ƙarafa. Wata huɗu na yi ina wanke robobin nan ɗaya bayan ɗaya, ina ware su bisa launi, shuɗi a ƙasa, fari a can sama inda kumfa take, har tafin hannuna ya yi kanta saboda murɗa waya. Wasu samari uku 'yan jari-bola ne suka riƙa tsinto mini kayan, ina biyansu a kan kowane buhu. Kwana goma aka yi ana baje kolin, jama'a suka zo da yawa, suka yi hotuna a gaban aikin, malamai suka yaba, na kuma sami maki mai kyau. Da aka tashi ba wanda ya saya, ba kuma inda za a ajiye abu mai wannan girma, sai aka sa leburori suka ɓaɓɓalle shi, aka loda a mota. Ina tsaye na tambayi direban inda za a kai, ya ce juji. Ban sake cewa komai ba, amma raina ya ba ni cewa jujin da aka ɗebo robobin nan ne suka koma.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko aikin da ake kira fasahar gwagwarmaya, wato zane ko sassaƙa ko hoto da ake yi domin kare muhalli ko neman haƙƙin waɗanda aka zalunta, yana canza wani abu a zahiri, ko kuwa hanya ce kawai da mu masu yin sa da masu zuwa kallonsa muke sanyaya zukatanmu. Da wane ma'auni ya kamata a auna irin wannan aiki: da kyansa, kamar kowane zane, ko da abin da ya gyara? Idan da kyau ne, me ya sa muke kiransa gwagwarmaya? Idan kuma da gyara ne, ashe ba gara in ajiye waya da filaya in shiga sahun masu kwashe shara ba?

Malam Mai Guduma ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, na daɗe ina koyar da sassaƙa, kuma ɗaliban da suka taɓa yi wa kansu wannan tambaya ba su da yawa, saboda haka kada ki ɗauki damuwarki a matsayin gazawa. Abin da na fahimta shi ne kin tsara aikinki har zuwa ranar buɗe baje koli, amma ba ki tsara masa ranar rufewa ba, alhali a irin wannan fanni ranar rufewa ita ce rabin aikin.

Zan kawo miki misalin da na fi yawan ba ɗalibaina. A shekarar 1982, a babban baje kolin documenta da ake yi duk bayan shekara biyar a birnin Kassel na Jamus, mai fasaha Joseph Beuys ya sa aka jibge dogayen baƙaƙen duwatsu guda 7000 a dandalin da ke gaban babban zauren baje kolin, ya kuma kafa sharaɗi cewa ba za a ɗauke dutse ko ɗaya ba sai an dasa bishiya a wani wuri a cikin birnin, an kafa dutsen a gefenta. Duk mai son a rage tulin sai ya ba da mak 500, kuɗin Jamus na wancan lokaci, a dasa bishiya. Mutanen gari da yawa ba su so abin ba, wasu sun ce an ɓata musu dandali, wasu sun yi ƙorafin za a cinye musu wuraren ajiye motoci. Hikimar tana nan ne: tulin da ya tsone musu ido shi ne ma'aunin aikin, kullum mai wucewa yana ganin nawa aka dasa, nawa suka rage, kuma ba wata hanyar rabuwa da shi sai ta dashe. Beuys ya rasu a watan Janairun 1986 bai ga ƙarshen aikin ba, ɗansa ne ya dasa bishiya ta ƙarshe a 1987. Yau wanda ya je Kassel zai tarar da tituna masu inuwa, dutsen yana nan yadda yake, bishiyar kuwa da ta fara a matsayin siririn tsiro kusa da shi ta kere shi nesa ba kusa ba. Wannan sauyin da ke tsakanin abin da ba ya motsi da abin da yake girma shi ne sassaƙar, ba bishiyar kaɗai ba, ba kuma dutsen kaɗai ba. Da ma'aikatar gandun daji ce ta yi dashen da an sami inuwa, amma da ba a sami shekara biyar ana muhawara a gari a kan wa ke da iko da titi, mota ko bishiya, ba.

Akwai kuma Mel Chin a Amurka, wanda a 1991 ya killace wani ɗan fili a jujin da ake kira Pig's Eye kusa da birnin St. Paul na jihar Minnesota, inda ƙasa ta gurɓata da ƙarafa masu guba, ya shuka wasu tsirrai da suke zuƙe irin waɗannan ƙarafa ta saiwarsu su tara a ganye. Da wani masanin aikin gona mai suna Rufus Chaney suka yi aikin, mutumin da ya daɗe da tunanin cewa tsiro zai iya tsarkake ƙasa amma bai sami damar gwadawa a fili ba. Shugaban hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasar ya fara hana tallafin dala 10,000 da aka amince a ba Chin, bisa hujjar cewa wannan kimiyya ce ba fasaha ba, sai daga baya da suka zauna ya janye. Chin ya bayyana aikin a matsayin sassaƙa, sai dai a maimakon dutse gurɓatacciyar ƙasa ce ake sassaƙawa, a maimakon kurfi kuma tsiro ne yake cire abin da ba a so. Ni a matsayina na wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana rage dutse har siffa ta fito, wannan bayani ya gamsar da ni.

Saboda haka ban yarda cewa dole ki zaɓa tsakanin kyau da gyara ba. Tambayar da zan so ki riƙa yi wa kowane aiki kafin ki fara shi ita ce ina kayan za su kwana bayan shekara guda, kuma a hannun wa.

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya yi ma'ana, amma ina ganin ka zaɓo mafi kyawun misalai guda biyu daga cikin dubbai, kuma ƙanwarmu ta cancanci a gaya mata yadda akasarin fannin yake. Ni ba mai zane ba ne, aikina tace ruwa da auna gurɓatarsa, don haka da idon mai lissafi nake kallon waɗannan abubuwa.

A watan Disambar 2015, lokacin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Faris, mai fasaha Olafur Eliasson da masanin duwatsu Minik Rosing sun kawo manyan curin ƙanƙara guda 12 daga tekun Girinlan, suka jera su kamar fuskar agogo a wani dandali domin mutane su taɓa su, su ga suna narkewa. A cikin kwantenoni masu sanyi aka ɗauko su, ta jirgin ruwa sannan ta manyan motoci, kuma lissafin da masu aikin da kansu suka sa aka yi ya nuna an fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya kimanin tan 30. An yi irinsa a Kopenhagen a 2014, aka sake yi a Landan a 2018. Na yaba musu da ba su ɓoye lissafin ba, amma har yanzu ban ga wanda ya nuna mini ko tan ɗaya da aka fasa fitarwa saboda wani ya shafa ƙanƙara a Faris ba. Waɗanda suka je kallo galibi mutane ne da tun farko sun yarda duniya tana ɗumama. Wa'azi ne aka yi wa liman.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda wahalar wasu take zama kayan aikin wasu. Mutum ɗaya zai ishe mu misali ta fuska biyu. Bayan girgizar ƙasar Sichuan a Sin a 2008, inda makarantun da aka yi wa ginin algus suka rufta kan yara, mai fasaha Ai Weiwei ya tara masu sa kai suka bi gida gida suna tattara sunayen ɗaliban da suka mutu, har suka haura 5000, a lokacin da hukuma ba ta son a yi maganar. Ya sha duka a hannun 'yan sanda, kuma a 2011 an tsare shi kwana 81. A 2009 ya rufe fuskar wani gidan baje koli a Munich da jakunkunan makaranta 9000. Wannan aiki ba ni da abin cewa a kansa, domin ya fito da abin da ake ɓoyewa, ya kuma biya farashinsa da jikinsa. Amma shi ɗin ne a farkon 2016 ya kwanta rub da ciki a bakin teku a tsibirin Lesbos na Girka aka ɗauke shi hoto yana kwaikwayon gawar yaron nan ɗan Siriya, Alan Kurdi, da ruwa ya ci a 2015. A aikin farko sunayen yaran ne a gaba, a na biyu kuwa fuskar mai fasahar ce ta maye gurbin yaron, kuma duniya ba ta ƙaru da sanin komai ba.

Inda na ga masu fasaha sun yi tasirin da za a iya nunawa da yatsa shi ne inda suka juya suka fuskanci gidan da suke ci a ciki. A 2010, bayan fashewar rijiyar man kamfanin BP a mashigin tekun Meziko, wadda ta kashe ma'aikata 11, wata ƙungiyar masu fasaha da ake kira Liberate Tate ta tsiyaye baƙin ruwan rake mai kama da ɗanyen mai a ƙofar gidan zane na Tate Britain da ke Landan ana tsakiyar liyafa, domin a lokacin BP yana cikin masu ɗaukar nauyin gidan. A 2012 suka shigo da fiffiken injin samar da lantarki daga iska, mai tsawon fiye da mita 16, cikin babban zauren Tate Modern, wani reshen gidan, suka ce kyauta ce. Da aka tilasta wa gidan bayyana alƙaluma a 2015, sai aka ga abin da kamfanin ya bayar cikin shekara 17 fam miliyan 3.8 ne, wato kimanin fam 224,000 a shekara, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kasafin gidan, amma ya saya wa kamfanin suna mai tsabta a jikin bango. A 2016 aka sanar da kawo ƙarshen hulɗar bayan shekara 26, ko da yake kamfanin ya ce yanayin kasuwa ne ya sa. Haka nan mai ɗaukar hoto Nan Goldin, wadda ita kanta ta faɗa tarkon maganin kashe zafi na OxyContin, ta jagoranci jama'a a watan Maris na 2018 suka watsa kwalaben magani a cikin tafkin da ke wani sashe na gidan tarihi na Metropolitan a New York mai ɗauke da sunan iyalan Sackler, waɗanda wasunsu suka mallaki kamfanin da ke yin maganin. A 2019 gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya cire sunan, Metropolitan ya bi sahu a Disambar 2021.

A waɗannan wurare an san abin da ake nema, an san wanda zai iya bayarwa, masu nema kuma suna da abin matsa lamba a hannunsu. Duk da haka kada a yi saurin guɗa, domin a Disambar 2023 gidan tarihi na Birtaniya ya karɓi alkawarin fam miliyan 50 daga BP ɗin nan dai na tsawon shekara 10.

Hajiya Mai Kyamara ta amsa:

Injiniya, na yarda da kai a kan hoton bakin teku, kuma ban musa alƙalumanka ba. Inda muka rabu shi ne ma'aunin da ka ɗauko. Kana neman zane ya nuna maka tan nawa ya rage, alhali ko jawabin shugaban ƙasa, ko rahoton jarida, ko zanga-zangar mutum dubu ɗari ba za su iya cin wannan jarrabawa ba, kuma ba ka ce a daina su ba.

Ka dubi aikin Agnes Denes. A 1982, shekarar da Beuys ya jibge duwatsunsa, ta shuka alkama eka biyu a kan wani fili da aka cike da ɓaraguzai a ƙarshen tsibirin Manhattan, taku kaɗan daga titin Wall Street, cibiyar hadahadar kuɗi ta duniya. An kawo ƙasa mota 200, aka share duwatsu da tarkace da hannu, aka yi wata huɗu ana ban ruwa da cire ciyawa, aka girbe alkama fiye da kilo 450 a filin da aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 4.5. Bayan girbi aka gina manyan benaye a wurin, ko zangarniya ɗaya ba ta saura ba. Bisa ma'aunin Malam aikin bai kwana ko'ina ba, bisa naka kuma bai ciyar da ko unguwa guda ba. Amma fiye da shekara arba'in ke nan hoton matar nan tana tsaye cikin alkama, dogayen benaye a bayanta, yana sa duk wanda ya gani ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasar da za ta iya ba da abinci ta fi daraja idan ba ta ba da shi ba. Ni mai ɗaukar hoto ce, na san yadda hoto ɗaya yake zama a kan mutum ya ƙi fita, kuma ban san na'urar da za ta auna wannan ba.

Idan kuma ana shakkar ƙarfin irin wannan aiki, a tambayi masu mulki, domin su ba sa shakka. Sokari Douglas Camp, wadda aka haifa a Buguma a yankin Neja Delta, ta ƙera motar safa ta ƙarfe a 2006 domin tunawa da ɗan fafutukar kare muhalli Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas na ƙabilar Ogoni da aka rataye ranar 10 ga Nuwamban 1995, ta jera gangunan mai a samanta ɗauke da sunayen mutum takwas ɗin. Motar ta yi shekaru tana zagaya biranen Birtaniya. Da aka aiko ta Najeriya a 2015 domin cikar shekara 20 da kisan, sai jami'an kwastan suka riƙe ta a tashar jiragen ruwa ta Legas saboda saƙon siyasar da ke jikinta. Mota ce da ba ta da inji, ba ta iya matsawa ko taku ɗaya da kanta, amma an ga ya fi aminci kada ta isa ƙasar Ogoni.

Sai dai, ƙanwata, akwai wani abu a cikin labarinki da ba wanda ya taɓo, kuma a ganina a nan gizo yake saƙar. Kin ambaci samari uku da suka tsinto miki robobi, sannan ba ki sake ambatonsu ba. Sun zo baje kolin? Sunansu yana jikin bango? Ba tuhumarki nake yi ba, ni ma na yi shekaru ina ɗaukar hotunan masu aikin wahala ina rataye su a zaurukan da su kansu ba za a bar su su shiga ba, sai da wata mata da na ɗauka tana tsince a juji ta tambaye ni wa zai ga hoton, kuma me za a ce game da ita, na rasa amsar ba ta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, haka fanninmu yake sau da yawa.

Ayyukan da suka fi burge ni su ne waɗanda suka warware wannan ƙulli. Mierle Laderman Ukeles ta shafe wata goma sha ɗaya daga 1979 zuwa 1980 tana bin ma'aikatan kwashe shara na New York a wuraren aikinsu dare da rana, ta yi musabaha da kowane ɗayansu, su kimanin 8500, tana yi masa godiya da yake riƙe da rayuwar birnin. Ba ta sassaƙa komai da shara ba, mutanen da ake ƙyama tare da sharar ta nuna. Rick Lowe kuma ya sha ba da labarin wani ɗalibin sakandare da ya ga manyan zane-zanensa na siyasa ya ce masa mutanen unguwa sun riga sun san matsalolinsu, idan shi mai basira ne ya ƙirƙiro mafita mana. Daga nan ne a 1993 shi da abokansa suka karɓi ƙananan gidaje 22 da aka yi watsi da su a wata unguwar baƙaƙen fata a Houston, suka gyara, wasu suka zama wuraren baje koli, wasu suka zama masaukin mata masu renon 'ya'ya su kaɗai suna karatu. A Lusanga ta Kwango, garin da a da ake kira Leverville saboda gonakin kwakwar manja da kamfanin Lever ya kafa tun 1911, ma'aikatan gona sun kafa ƙungiyar fasaha a 2014, suna gina siffofi da yumɓun bakin kogi, a ɗauki surarsu da na'ura, a zuba su da cakulan a Turai a sayar, su kuma su sayi ƙasar da aka ƙwace wa kakanninsu da kuɗin su mayar da ita daji da gona. Su ne suka cika rumfar Holan a babban baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya a 2024. Akwai masu sukar rawar da Baturen Holan da ya fara haɗa aikin, Renzo Martens, yake takawa, kuma sukar tana da tushe, amma takardun filayen ba a Amsterdam suke ba.

Ɗalibar Sassaƙa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya da Hajiya. Hajiya, tambayarki ta same ni a inda ban zata ba. Ba su zo ba, domin ban gayyace su ba, kuma gaskiya tunanin hakan bai ma zo mini ba. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu da na tuna shi ne, babbansu ya taɓa ce mini gorunan da nake nema masu tsabta suna da masu saye a kilo, ledoji da silifa ne ba su da kasuwa. Ke nan shi ya san abin da zai koma juji da abin da ba zai koma ba tun kafin in ɗaura waya ta farko, ni kuwa da na huda gorunan na ɗinke su da ƙarfe na cakuɗa su da abin da ba ya sayuwa, wataƙila ma na rage musu daraja ne. Ina da damar yin wani aikin a baɗi a wani fili na jama'a. Malam, idan da kai ne, ta ina za ka fara?

Malam Mai Guduma ya sake amsawa:

Da ni ne, 'yata, da wurin saurayin nan zan fara komawa, ba da buhu ba, da littafin rubutu. Ki tambaye shi irin robar da ake saye da wadda ba a saye, da dalilin da ya sa, da inda kowace take ƙarewa, domin abin da ya gaya miki a tsaye ilimi ne da babu shi a manhajarmu. Mai yiwuwa ki tarar cewa aikin da ya kamata ki yi ba a kan yawan shara ba ne, wanda kowa ya riga ya sani, a kan wannan layin ne da ya raba abin da yake da mai saye da abin da aka ƙera shi tun asali don ya zama nauyin wani, tare da sunayen kamfanonin da ke buge a jikinsa. A nan Injiniya zai sami wanda za a nuna da yatsa, Hajiya kuma za ta sami hotonta.

Ta fuskar sana'a kuma, kada maganar gwagwarmaya ta sa ki sassauta wa hannunki. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar shekaru masu yawa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, da murafan kwalaben barasa da wayar tagulla yake aiki, kayan da ba su fi naki daraja ba. Mataimakansa suna daddaƙe murafan, su huda, su ɗinke su ƙanana ƙanana, sannan a haɗa su su zama wani abu mai kama da ƙaton mayafi da yake zubowa daga bango yana ɗaukar ido. Mutum yana zuwa ne saboda kyan, sai ya matso kusa ya karanta sunayen da ke jikin murafan, daga nan tarihin barasa da sukari da cinikin bayi a gaɓar Atlantika ya biyo baya. Da aikin ba shi da kyau ba wanda zai matso har ya karanta. An ba shi lambar Zakin Zinariya ta Venice a 2015, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern, zauren da aka shigar da fiffiken da Injiniya ya ambata.

Sai abu na ƙarshe, wanda na ƙwarewar hannu ne zalla. A wannan karon kada ki huda abin da yake sayuwa, kada ki shafa masa fenti ko gam, ki ɗaure shi ɗauri da za a iya kwancewa, kowane iri a ɓangarensa. Ki rubuta a takardar yarjejeniya da masu filin ranar da za a kwance aikin da waɗanda za su kwance shi, ki sa kuɗin aikinsu a cikin kasafi tun farko, ki kuma nemi izininsu kafin ki rubuta sunansu a allo, domin ba kowa ne yake so a san shi da wannan sana'a ba. Ranar kwancewar ki gayyaci jama'a kamar yadda za ki gayyace su ranar buɗewa, a kawo sikeli a auna a gabansu abin da ya tafi wurin masu narkarwa da abin da ya rage ba mai so.